"Mun Gama Silabas": To, Yaran Fa, Sun Iya?

Ranar wata Asabar ƙanwata ta kawo mini 'yarta mai shekara goma, wai in sa mata albarka. Yarinyar ta zo ta uku a ajinsu, kuma makarantar ta ce ba sai ta yi aji shida ba, daga biyar za ta wuce sakandare. Uwar sai murmushi take yi. Na ja jakar yarinyar da ƙyar, na zazzage ta a kan tabarma. Littattafan rubutu maƙil, kowane shafi cike da kyakkyawan rubutu, jan biron malama ya bi ko'ina da alamar daidai. Na buɗe littafin kimiyya na ce ta karanta mini abin da ta rubuta da hannunta. Ta kama layin farko tana cije-cije, kafin ta kai ƙarshensa ta tsaya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, mu kwafa kawai muke yi daga allo." Na rubuta mata 403, na ce ta ɗebe 27. Ta rubuta 424. Wato an ɗebe daga kuɗi, kuɗin kuma ya ƙaru.

Ranar Litinin na tafi makarantar. Malamar ajin ta karɓe ni da mutunci, ta saurare ni har na dire, sannan ta jawo wani babban littafi daga durowa ta nuna mini sa hannun hedimasta mako bayan mako. Ta ce, "Ai Baba, mu nan ba ma wasa. Tun mako na tara muka gama silabas."

Wannan maganar ce ta ishe ni. Na ji ta a makarantun gwamnati, na ji ta a na kuɗi, na ji ta a Islamiyya. Malami na faɗinta yana ƙafafa, mai makaranta na tallar makarantarsa da ita, iyaye kuma su ji ta hankalinsu ya kwanta. Ba a taɓa jin wani ya yi tambayar da ke biye ba: wane ne ya gama? Allin malama ya gama, babu shakka. Yarinyar da aka biya wa kuɗin makaranta tana can baya inda aka baro ta tun aji biyu.

Ma'anar kalmomin ba ta buƙatar dogon bayani. Manhaja ita ce tsarin abin da ake so yaro ya iya a kowane mataki na karatunsa. Silabas jerin batutuwan fanni guda ne. Abin da malamai ke kira sikim shi ne rarraba batutuwan nan zuwa makonnin zango, lesin not kuma shirin darasin rana ɗaya. Littafin da ake sayar wa iyaye kayan aiki ne kurum, kamar fartanya a hannun manomi. Shi ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne zaton da ya kama mutane cewa manhaja hanya ce da malami zai bi ya kai ƙarshe, da zarar ya kai kuwa ya sauke nauyi. Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar da hukumar NERDC ke bugawa, wato hukumar da aka kafa a 1988 domin tsara manhajar makarantun Nijeriya, ya san kowane shafi an raba shi gida-gida. Akwai gidan batu, akwai gidan abin da za a koyar, akwai na ayyukan malami da na ɗalibai, da na kayan koyarwa, da na yadda za a gwada. Kusa da gidan batu akwai wani gida da ya fi duka muhimmanci, inda aka jera abin da ɗalibi zai iya yi bayan an koyar da shi. Ɗalibi aka ce, ba malami ba. Yawancin malamanmu gidan batu kawai suke dubawa, su tsallake wancan, su ɗauko littafi su cika allo. Wanda ya yi haka bai gama manhaja ba, ko da hedimasta ya sa masa hannu sau ɗari. Bai ma fara ba.

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Ralph Tyler, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a 1949 wanda har yau ake koyar da shi a kwalejojin horar da malamai. Gaba ɗaya littafin a kan tambayoyi huɗu ya tsaya: me makaranta ke son cimmawa, waɗanne ayyuka za su kai yaro can, yaya za a jera su, kuma ta yaya za a san an cimma. Duk mai takardar NCE ya rubuta waɗannan a jarrabawa. Abin haushi shi ne, da ya shiga aji sai ya riƙe ta biyu da ta uku ya yar da ta farko da ta ƙarshe. Tafiya ke nan babu inda aka nufa, babu kuma mai tambaya ko an isa.

Za a ce mini, "Ai ko bai gane yanzu ba zai gane a gaba, batun yana dawowa." Gaskiya ne batutuwa na dawowa. Tun 1960 Jerome Bruner ya ba da shawarar a riƙa maimaito batu a aji na gaba, kuma manhajarmu ta ɗauki wannan. Amma batun yana dawowa ne da ƙarin nauyi, domin a ɗora a kan abin da aka riga aka kafa. Ku dubi 'yar ƙanwata. Ba ta san aro a ɗebewa ba, shi ya sa ta ga 3 da 7 ta cire ƙarami daga babba ta samu 4, ta ga 0 da 2 ta samu 2. Doguwar rabawa kuwa ɗebewa ce a jere, layi bayan layi. Wanda bai iya rabawa ba ba zai taɓa gane sulusi da rubu'i ba, balle kashi cikin ɗari, balle ya shiga sakandare a ce masa ya nemo x. Kowane mako da malama ta wuce ta bar ta, bashi ta ɗora mata, kuma bashin nan yana haihuwa. Sai yarinya ta kai aji uku na sakandare ta ce ita lissafi ba nata ba ne, ƙwaƙwalwarta ba ta ja. Alhali ƙwaƙwalwarta lafiya lau, darasi ɗaya ne na aji biyu ba a tsaya ta iya ba.

Karatu ma haka yake, har ya fi muni. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, duk wani darasi da za a rubuta masa a allo zane ne kawai yake kwaikwaya. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa tara cikin goma. Da yawan yaran nan suna zuwa makaranta kullum. Malamansu ma sun gama silabas.

Sai kuma hujjar da ta fi yawo: "Jarrabawa ce ke koro mu. In ba mu gama ba, WAEC da NECO za su kawo abin da ba mu taɓa ba." To, wanne ya fi, yaron da ya riƙe kashi biyu cikin uku na silabas riƙo na gaske, ko wanda aka nuna masa duka ya fito hannu rabbana? Na farko zai amsa abin da ya sani da ƙarfin zuciya. Na biyu zai zauna yana waige-waige yana jiran a shigo da amsa, kuma daga nan ne sana'ar satar jarrabawa take samun kasuwa. Iyayen da suka yi tafi da aka gama silabas su ne za su sake biyan kuɗi a kai ɗansu wata makarantar ƙauye inda ake rubuta amsa a allo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jarrabawar cikin gida ma da ake kafa hujja da ita, wa ya rubuta ta? Malamin da ya ba da not shi ne ya tambayi not ɗin, kalma da kalma. Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun jera matakan sani guda shida a 1956, daga tuna abu, zuwa fahimtarsa, da aiki da shi, har zuwa iya yanke hukunci a kansa. Tambayoyinmu kusan duka a matakin farko suke kwana. Yaro zai haddace ma'anar tsabta da Turanci ya ci maki goma, ya fito daga bayi bai wanke hannu ba. Da irin wannan jarrabawar ake zuwa ta uku a aji.

Ƙanin wannan ruɗin shi ne zaton cewa yawan littattafai shi ne yawan ilimi. Uba ya ga jerin littattafai ashirin na ɗan aji biyu, maimakon ya tambaya, sai ya ji daɗi wai makarantar tana da zafi. Ita kanta gwamnati ta gwada wannan ta ja da baya. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008 tana ɗauke da darussa kusan 20. Da aka ga kayan ya fi ƙarfin yara da malamai, aka sake duba ta a 2012 aka mayar da su ba su wuce 10 ba. Amma je ka wasu makarantun kuɗi ka ga abin da ake loda wa yaron da ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Wasu ma sun kafa allo a ƙofa wai manhajar Ingila suke bi, alhali malamin da ke ciki bai taɓa ganin ko bangonta ba, yaran kuma jarrabawar Nijeriya za su rubuta. Mu faɗa wa juna gaskiya, a wurare da yawa littattafan nan a ofishin makaranta ake sayar da su, kuma ribar ce ke tsara jerin. Ku ji tsoron Allah. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin.

Tsallake aji shida ma daga wannan gidan ya fito. An tsara firamare shekara shida ne, aji shida kuma shi ne inda ake ɗaure abin da aka tara. A cire shi domin a ce makaranta kaza tana saurin yaye yara, yaro ya gama sakandare yana shekara 14 ko 15, ya tarar jami'a ba ta ɗauka sai mai 16. Gaggawar ta me ce?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu Hausawa ne muke faɗa wa wannan rami, alhali muna da makarantar allo a kowace unguwa. Wane alaramma ne zai yi wa yaro ƙari bai biya na jiya ba? Ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Ana fara babbaƙu, sai sun nuna a shiga farfaru, sannan a haɗa. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ga kuma tishi domin kada na baya ya zube. A zauren ilimi ma ba a ɗaukar Risala sai an wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, balle a yi zancen Muhtasar. Malam bai taɓa cewa ya sauke Alƙur'ani a madadin almajirinsa ba. Almajiri ne ke sauka, kuma sai an ji daga bakinsa. Akwai abubuwan gyara a tsangaya, wannan zance ne na wata rana. Amma a kan wannan ƙa'ida guda, cewa ba a gaba sai an iya, kakanninmu sun riga masu digiri. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya da wata hanya da ke gwada yara a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a koyar da kowa daga inda ya tsaya. Wanda ya yi karatun allo in ya ji wannan sai ya yi dariya.

Na san akwai cunkoson aji, da ƙarancin albashi, da malaman da ba su da horo, da yaran da ke zuwa da yunwa. Duk gaskiya ne. Amma babu ɗaya daga ciki da ke tilasta wa malami ya rubuta "an koyar" a kan abin da ba a koya ba.

To, Malam, ga abin yi. Kafin ka ɗauki alli, rubuta manufar darasinka a jimla ɗaya, kuma mai aikata aikin cikin jimlar ya zama ɗalibi. Guji kalmomin da ba a iya gani da ido. "Yara su san ɗebewa", "su fahimci muhimmancin ruwa", waɗannan fata ne nagari, ba a auna su. Ta yaya za ka ga sani? Robert Mager ya nuna tun 1962 cewa manufa mai kyau tana faɗin abu uku: abin da ɗalibi zai yi, a wane hali, da kuma iya gwargwadon da za a karɓa. Misali: a ƙarshen darasi, in an ba ɗalibi lissafi goma na ɗebewa mai aro, zai yi takwas daidai ba tare da duba allo ba. Ko kuma: zai karanta sakin layi mai jimla biyar a bayyane, ya amsa tambaya uku a kansa da bakinsa. Yi amfani da kalmomin aiki irin su karanta, lissafa, auna, zana, jera, bambanta, nuna a taswira. Manufa ɗaya ko biyu sun isa darasin minti 40. Wanda ya jera bakwai ya san ba zai duba ko ɗaya ba.

Faɗa wa yaran manufar tun farko da harshen da suke ji. Ka ce, "Yau kafin a kaɗa ƙararrawa kowa zai iya cire 27 daga 403." Yaro ma yana son ya san inda za a kai shi. In Turanci ya tsaya masa a wuya, yi bayanin da Hausa, ka kawo tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga abin da ake nufi da aro. Ka ware minti biyar na ƙarshe domin gwaji. Kada ka tambayi aji "Kun gane?", domin tun da aka fara boko ba a taɓa samun ajin da ya ce a'a ba. Kada kuma ka dogara da yara ukun nan na layin gaba masu ɗaga hannu. Ba kowa tambaya biyu ya rubuta a takarda, ka zagaya ka duba, ka fara da na baya. In ka ga fiye da rabin aji sun faɗi, gobe darasin nan za a sake ta wata hanyar, ko sikim ya ce me. Ka rubuta gaskiya a littafin aikinka: an koyar, ba a iya ba, za a maimaita.

A makon farko na zango, kafin ka buɗe sabon batu, gwada abin da ya kamata su zo da shi daga ajin baya. Wannan gwajin ba na maki ba ne, na sanin inda za ka ɗora ne. Waɗanda ka samu ba su iya karatu ba, ware musu minti ashirin kullum, ko da safe ko bayan tashi, ka haɗa su da 'yan'uwansu da suka iya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranka ya daɗe hedimasta, kai ma da naka. Tsarin shekara daga ƙarshe ake fara shi. Tara malamanka kafin a buɗe makaranta, kowane aji a rubuta abubuwa kaɗan, kamar biyar ko shida a kowane fanni, waɗanda babu yaron da zai fita ajin bai iya su ba. Daga nan a dawo baya a raba su zango uku, a raba zango zuwa makonni. Zango bai fi mako 12 ko 13 ba, kuma ka san a ciki akwai jarrabawa, da hutun tsakiya, da ranakun da ruwa ko rasuwa ko taron gari za su ci. Wanda ya cika kowane mako da sabon batu ya yi wa kansa ƙarya tun ranar farko. Bar mako biyu ko uku babu komai sai bita. Zaunar da malamin aji uku da na aji huɗu wuri ɗaya, na huɗu ya faɗi abin da yake buƙata a kawo masa, na uku ya faɗi abin da ya samu ya kafa. Raba batutuwan silabas biyu, waɗanda ake gini a kansu da waɗanda za a iya taɓawa a wuce, domin in lokaci ya ƙure a san wanda za a sadaukar. Karatu da lissafi a ba su safiya, lokacin da kan yara ke sanye. Sannan ka daina sa hannu a lesin not kana zaune a ofis. Shiga aji, ɗauki yara biyar da ka ga dama, gwada su a kan manufar makon jiya. Malamin da ya tsaya ya maimaita darasi domin yara su iya, yabo ya kamata ka yi masa. In ka ci gaba da tsawata wa irinsa kana yaba wa mai gudu, kai ne ka koya wa malamanka ƙarya.

Ku kuma iyaye, ku ne masu biya, kuma ku ne kuka fi kowa sakaci. Ku daina tambayar na nawa ya zo. Na ɗaya a cikin waɗanda ba su iya ba, shi ma bai iya ba. Tambayar da za ku kai makaranta ita ce, "Malam, a ƙarshen wannan zangon me ɗana zai iya yi wanda bai iya ba yanzu?" Malamin kirki zai amsa nan take. Wanda ya fara lissafo muku sunayen littattafai, ku sa masa ido. A gida kuma ba sai kun yi boko za ku gwada ba. Uwa ta miƙa wa yaro kwalin magani ko takardar gayyatar biki ta ce ya karanta mata. Uba ya aike shi da dubu ɗaya ya sayo abin 650, ya faɗi canji kafin ya fita. A sa shi ya rubuta wa kakarsa saƙo na layi uku. A ce ya ba da labarin abin da aka koya yau da Hausa, domin wanda ya gane abu zai iya faɗinsa da harshen uwarsa, wanda ya haddace kuwa sai ya maimaita Turancin ya tsaya. In an ce za a tsallakar da ɗanku aji, ku ce a gwada shi a gabanku. In kuma an ce ya kamata ya maimaita, kada ku ɗauke shi ku kai wata makarantar da za ta karɓi kuɗi ta tura shi gaba. Kunyar maimaita aji ta shekara ɗaya ce. A taron iyaye da malamai ku tambayi dalilin kowane littafi da ke cikin jerin, ku ga wanda aka buɗe a bara da wanda ya dawo gida sabo fil.

'Ya'yan nan amana ne, kuma za a tambaye mu. Malamin da ya karɓi albashi ya cika allo ya fita, ya san a ransa ko ya koyar ko bai koyar ba.

Ƙanwata ba ta ji daɗina ba ranar da na hana a tsallakar da 'yarta aji shida. Ta ce, "Yaya, yanzu ƙawayenta duk su wuce ita ta zauna?" Na ce ta zauna. Yarinyar tana aji shida yanzu, kuma kullum bayan la'asar tana zuwa wurina da ɗaurin tsinkenta. Makon jiya na sake rubuta mata 403 na ce ta cire 27. Ta yi shiru, ta kwance ɗauri, ta ƙirga, ta rubuta 376. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Kawu, a ƙaro wani."